Likita ya ce a fitar da makaho ya sha hasken safe, wai me ya haɗa ido da barci?

Ɗan_Yelwa (Garwa)

Salamu alaikum jama'a, dan Allah masu ilimin likita ku warware min wani abu da ya tsaya min a rai tun ranar Talata. Mahaifina shekararsa 68, ya kai shekara goma sha biyar ba ya gani, abin ya faro masa da dundumi tun yana saurayi, da magariba ta yi sai ya dinga karo da kaya a tsakar gida, daga baya ganin ya dinga tsukewa ta gefe-gefe kamar mai leƙe ta cikin bututu har ya ɗauke gaba ɗaya. To amma duk tsawon shekarun nan barcinsa lafiya lau, bayan isha'i ya ɗan ji rediyo ya kwanta, kafin ladan ya yi kiran farko ya riga ya tashi, shi ne ma yake buga mana ƙofa da sandarsa.

Bara da Allah ya hore muka yi masa sabon ɗaki na bulo da silin da fanka, muka sa labule mai kauri saboda zafin Garwa kun san shi ba sai an faɗa ba, ga shi gwiwa ta fara damunsa, sai muka ce Baba ka huta da zaman ƙofar gida, dama can tun sassafe yake fita gindin darbejiya ya zauna har hantsi ya ɗaga. Tunda ya koma ɗakin nan barci ya lalace, ƙarfe biyu ƙarfe uku na dare kana jin tarinsa da motsin carbi, da rana kuma sai ya yi ta gyangyaɗi har azahar ta kusa wuce shi. Na kai shi lopital, likita ya auna jini ya auna suga, ya haska masa 'yar tocila a ido ɗaya bayan ɗaya ya daɗe yana kallo, sai ya ce ba zai rubuta maganin barci ba, wai kullum da safe a fitar da shi waje ya yi kamar awa ɗaya kuma ya cire baƙin tabarau ɗin da yake sawa. Wlh saura kaɗan na yi dariya a gabansa, mutumin da ko fitilar mota ka haska masa ba ya cewa ya gani, hasken me zai shiga?

Abin da ya ƙara ɗaure min kai, akwai Kawuna a Gidar shi ma makaho ne, nasa hawan jinin ido ne ya ci idon duka biyu, shi kullum a waje yake wuni bakin masallaci, amma barcinsa yawo yake, sati biyu lafiya, can kuma sai dare ya koma masa rana, bayan wasu makonni ya sake dawowa daidai. In rana magani ce me ya sa shi ba ta yi masa ba? Likitan nan ya san abin da yake faɗa ko sallamar mu kawai ya yi?

Baffa_Sali (Marwa)

Wa alaikumus salam. Ɗana ni ban yi lakwal mai nisa ba amma na ga tsofaffi da yawa. Kun ɗauki dattijo da ya saba da jama'a, mai wucewa ya gaishe shi, mai kunu ta tsaya, yara su yi masa surutu, kun kulle shi a ɗaki shi da fanka kamar buhun masara, to me zai yi da rana in ba barci ba, wanda kuma ya yi barcin rana ai dare ba zai karɓe shi ba. Tashin asuba kuwa sabo ne da kunne, zakara na nan ladan na nan. Likitan wayo ya yi muku, ya san in ya ce ku mayar da shi cikin mutane ba za ku ji ba shi ya sa ya fake da rana. Sannan ka duba shayin da yake sha da yamma da goro, nan ma akwai magana.

Hamma_Dang (Gaundare)

Baffa Allah ya ƙara girma, maganarka akwai gaskiya a ciki zan dawo kanta, amma likitan ba fakewa ya yi ba, abin da ya faɗa yana cikin littafi, ni ma sai da na zo jami'a nan Dang na ji shi don a lise, wato sakandare, abu biyu kawai aka koya mana cewa su ne ke kama haske a ido.

Ɗan Yelwa bari na fara daga abin da kowa ya sani. Can bayan ido daga ciki akwai wani tantani siriri da ake kira ratina, shi ne haske yake sauka a kansa. A cikinsa akwai ƙwayoyi masu kama haske iri biyu, masu siffar 'yan sanduna sun haura miliyan 90 a ido ɗaya, su ne na gani cikin duhu-duhu, sai masu siffar mazurari wajen miliyan 5 zuwa 6, su ne na launi da karatu da gane fuska. Yadda ka ba da labarin Baba, dundumi da farko sannan gani ya tsuke ta gefe, ya yi kama da ciwon da yake fara cin 'yan sandunan nan sannan ya gangaro kan mazuraran, ban ce shi ne ba tunda ni ba likita ba ne amma haka tsarinsa yake. Fiye da shekara ɗari masana sun ɗauka in waɗannan biyun suka mutu shike nan ido ya zama dutse.

Sai dai tun wajen 1927 wani matashi a Jami'ar Harbad mai suna Clyde Keeler ya lura yana da wasu ɓeraye makafi amma in ya haska musu fitila ɗan baƙin ɗigon tsakiyar idonsu yana tsukewa, ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci sosai. Sai a 1991 wani Bature ɗan Ingila, Russell Foster, wanda yanzu yake Jami'ar Oksfod, ya dawo da maganar ta wata hanya. Shi ɓera da dare yake harkarsa, in ka sa masa 'yar taya a keji da duhu ya yi zai hau ya yi ta gudu, in ka canza lokacin kunna fitila da kashewa shi ma sai ya canza lokacin gudunsa. Foster ya gwada da ɓerayen da ratinarsu ta lalace, ya ga suna bin fitilar nan daidai da masu ido lafiya, in kuma aka cire idon gaba ɗaya sai bin ya tsaya, kenan abin a cikin idon yake. Aka yi masa ca, aka ce ai 'yan mazurari kaɗan da suka rage ne suke aikin, wa zai yarda akwai abin da ya ɓuya a ido bayan duk shekarun da aka yi ana yanka shi ana dubawa. Shi da abokan aikinsa ba su haƙura ba sai da suka samar da ɓeran da ba shi da sanda ba shi da mazurari ko ɗaya, a 1999 suka nuna shi ma yana saita lokacinsa da haske.

Abin dariyan, sinadarin da ake nema ba a ido aka fara ganinsa ba, a fatar kwaɗo aka same shi, kwaɗon ma na Afirka. Ignacio Provencio ne a 1998 yana binciken yadda fatar kwaɗon take canza duhu in haske ya taɓa ta, ya samo wani sinadari ya sa masa suna melanofsin, bayan shekara biyu ya nuna akwai shi a ratinar ɓera da biri da mutum, kuma ba a layin sanduna da mazurari ba, a layin ƙwayoyin da aikinsu ɗaukar saƙo ne daga ido zuwa ƙwaƙwalwa, waɗanda kowa ya ɗauka 'yan aike ne kawai. A 2002 David Berson na Jami'ar Brown a Amurka ya yi dabarar da ta rufe bakin kowa, ya zuba rini a daidai wurin da agogon jiki yake a ƙwaƙwalwar ɓera, rinin ya bi jijiya ya koma baya har cikin ido ya nuna masa ƙwayoyin da suke da layi kai tsaye zuwa agogon, sai ya toshe duk saƙon da yake zuwa musu daga sanduna da mazurari ya haska, suka amsa da kansu. A shekarar dai Samer Hattar, haifaffen Jodan, shi da King-Wai Yau a Johns Hopkins suka nuna melanofsin ɗin nan ne a cikinsu.

Waɗannan ƙwayoyin ba su da yawa, a mutum 'yan dubbai ne cikin sama da miliyan ɗaya na 'yan aiken, kuma ba su iya zana hoto ba, ba za su faɗa maka wannan akuya ce wannan moto ce ba. Aikinsu kamar na mai gadi ne da yake zaune bakin ƙofa yana cewa gari ya waye, gari bai waye ba. Ba sa saurin amsawa amma in suka fara sai su daɗe, suna son haske mai yawa na tsawon lokaci, kuma sun fi jin launin shuɗi wajen nanomita 480, wato kusan shuɗin sararin sama. Saƙonsu yana zuwa wani ɗan curi a ƙwaƙwalwa mai ƙwayoyi wajen 20,000 da yake zaune daidai saman inda jijiyoyin ido biyu suka gitta juna, shi ne babban agogo, shi yake ba da umarnin a saki sinadarin melatonin da dare wanda yake gaya wa jiki dare ya yi, a tsayar da shi da safe. Tocilar da likita ya haska wa Baba ya tsaya yana kallo, ina kyautata zaton tsukewar ɗigon idon yake dubawa, don wannan ma da hannun ƙwayoyin nan a ciki.

Baffa_Sali (Marwa)

Hhh yaro ka yi karatu Allah ya sa albarka, amma daga ɓera sai kwaɗo, mu fa maganar dattijo muke yi mai salla biyar. Ɓeran naka yana jin kiran salla ne? Kuma ba ka amsa masa maganar Kawunsa ba, a nan gizo yake saƙar.

Hamma_Dang (Gaundare)

Amin Baffa, yanzu zan zo kan mutane, kuran ne, wato wutar lantarki, ya tafi waya ta mutu.

An gwada a mutane. A 1995 Charles Czeisler na Harbad ya tara makafi waɗanda ba sa ganin ko ɗigon haske, ya zaunar da su gaban fitila mai ƙarfi da dare yana auna melatonin a jininsu, wasu daga ciki sai melatonin ɗin ya faɗi warwas kamar na mai gani, in an rufe musu ido kuma ba ya faɗuwa, kuma su ɗin ba sa kukan matsalar barci, sauran kuwa haske bai motsa musu komai ba. A 2007 Foster da wasu sun ba da rahoton wata tsohuwa 'yar shekara 87 da ta yi shekaru masu yawa a makance, ana kunna mata fitila launi-launi ana cewa ta canka a kunne take ko a kashe, ta ce ita fa ba ta ganin komai, amma in aka zo kan shuɗin nan sai ta dinga canka daidai fiye da yadda sa'a za ta bayar, sauran launukan kuwa cankar banza take. Kenan makanta ba iri ɗaya ba ce, wani gani ne ya tafi mai gadin yana nan, wani kuma har mai gadin ya tafi.

To ga Kawu. Hawan jinin ido ba sanduna da mazurari yake ci ba, 'yan aiken yake kashewa da jijiyar da ta fita daga ido zuwa ƙwaƙwalwa, kuma ƙwayoyin melanofsin cikin 'yan aiken suke, in ciwon ya kai ƙarshe ya cinye jijiyar to ko a tsakiyar rana ya wuni saƙon ba shi da hanyar wucewa. Shi kuma agogon jiki ba ya tsayawa don an daina saita shi, tafiyarsa yake ci gaba da yi, matsalar ita ce ba awa 24 cif yake yi ba. Czeisler ɗin dai a 1999 ya auna ya samu na yawancin mutane wajen awa 24 da minti 11 ne, na wasu ya fi haka. Waɗanda suka yi lakwal na Faransanci wataƙila sun ji labarin Michel Siffre, Bafaranshen da ya shiga kogon ƙarƙashin ƙasa a tsaunukan Alf a 1962 ya yi wata biyu ba agogo ba rana, yana ci yana barci yadda jikinsa ya ce, kwanansa ya dinga zarce awa 24 da kusan rabin awa, da aka ce masa ya fito ranar 14 ga Satumba shi a lissafinsa 20 ga Agusta ake.

Yi lissafi da ni, a ce agogon Kawu yana ƙara rabin awa kullum kuma ba abin da yake dawo da shi, bayan kwana 24 ya yi lattin awa 12, wato lokacin da jikinsa yake cewa tsakar dare ne mu muna azahar, bayan wasu kwana 24 ya zagayo ya dawo daidai da mutane, a ce ya warke, can kuma ya sake zamewa. Ba wannan ne abin da Ɗan Yelwa ya kwatanta ba? Wannan sanannen abu ne ga makafin da ba sa jin haske ko kaɗan, fiye da rabinsu suna fama da shi. Kuma ka lura Baffa, Kawu yana bakin masallaci, ladan a kansa yake kira, jama'a na gaishe shi, duk da haka agogon bai tsaya ba, to da kunne da sabo sun isa su kaɗai da shi ne zai fi kowa barci a kan lokaci.

Shi kuwa Baba mai gadinsa na nan da alama, ku ne kuka rufe shi a ɗaki. Ana auna haske da luks, ɗaki mai labule da ƙwan fitila ɗaya da kyar ya kai 100, gindin bishiya da safe dubbai ne, tsakiyar rana a fili yana kaiwa 100,000. Idonmu yana yaudararmu don yana sabawa da ko wane haske, ka shiga ɗaki ka ce ai da haske, amma a wajen ƙwayoyin nan ɗakin Baba magariba ce da ba ta ƙarewa. Kuma lokaci yana da muhimmanci, hasken safe yana jawo agogo baya ya sa ka ji barci da wuri, hasken dare yana tura shi gaba, shi ya sa likita ya ce da safe bai ce da la'asar ba.

Adda_Kusiri

Sannunku. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru a ɓangaren ido, kullum ina tsallaka gadar Ngeli zuwa aiki Injamena. Ƙanena Hamma ya yi bayani mai kyau, zan ƙara abin da muke gani da hannu ne kawai.

Ɗan Yelwa ka bi maganar likitanka, amma a fahimta, ba a ce Baba ya ɗaga kai ya kalli ƙwayar rana ba, wannan ƙona ratina yake ko ga mai gani ko ga makaho. Inuwar darbejiyar da ya saba ta isa, fuskarsa na kallon fili, tun daga fitowar rana zuwa kamar ƙarfe takwas kafin zafi ya taso, in watan Maris ne ko Afrilu ma ku shigo da shi da wuri ku ba shi ruwa. Tabarau ɗin in kunya yake ji saboda yadda idon ya koma, ku samo masa fari mara duhu, in kuma hasken yana sa masa ciwo ko hawaye ku koma ku gaya wa likita kada ku tilasta. Labulen nan ku dinga ɗage shi da rana. Kuma kada ku sa rai kwana biyu, agogon jiki kaɗan-kaɗan yake matsawa, ku ba shi sati biyu zuwa uku.

Na ji daɗi da bai rubuta maganin barci ba wlh. Tsoho makaho mai ciwon gwiwa ka ba shi ƙwayar da za ta sa shi jiri, ya tashi fitsari ƙarfe uku, faɗuwa ɗaya ƙugu ya karye, mun ga irinsu. Kada kuma wani ya ce ku saya a wajen masu tallan magani a kasuwa.

Baffa Sali kuma kada a ce maganarsa ta faɗi, lokacin cin abinci da motsa jiki da hira da mutane duk suna taimaka wa jiki ya san lokaci, haske ne dai babba a cikinsu, sannan kaɗaici da damuwa su kansu suna hana tsoho barci, fitsarin dare ma haka, ciwon gwiwar ma haka. Shayin nan namu mai kauri da ake dafawa har ya yi baƙi, abin da ke hana barci a cikinsa yana ɗaukar wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, wanda aka sha bayan la'asar yana nan a jini har bayan isha'i. Fitar da shi gindin bishiya ai ta haɗa maganin Hamma da na Baffa a tabarma ɗaya.

Na Kawu ya fi wuya. Irinsu akan ba su melatonin na ƙwaya a lokaci ɗaya tsayayye kowane dare don ya maye gurbin saƙon da ido ya daina kaiwa, an gwada yana yi wa da yawa aiki, amma lokacin shan shi ne duk maganin, in aka sha a lokacin da bai dace ba sai ya ƙara rikita abin, don haka sai da likita. Kafin ku je ku samu yaro ya dinga rubuta lokacin da ya kwanta da lokacin da ya tashi har da na rana, na wata biyu, a takardar makaranta ma ya isa, likita na gani zai gane ko zamewar nan ce. Kuma dan Allah a daina ce masa ya cika lalaci ko an yi masa asiri, na san gidajen da aka kai tsoho wajen masu ruƙiya saboda wannan.

Abu na ƙarshe da ya fi damuna, hawan jinin ido yana bin dangi kuma ba ya ciwo sai ya gama ɓarna, 'ya'yan Kawu da mahaifiyarka in 'yar'uwarsa ce ciki ɗaya duk wanda ya kai 40 ya je a auna masa ido, abin da ya tafi ba ya dawowa amma ana tsayar da shi in an kama da wuri. Na Baba ma irin wanda ake gada ne sau da yawa, in akwai yaro a gidan da yake laluben hanya da magariba a kai shi a duba, wani lokacin ƙarancin bitamin A ne kawai wanda yake da magani, wani lokacin kuma wancan ne.

Mai_Kamiyo_4

To malamai mu kuma fa? Ni kaya nake ɗauka daga tashar jirgin ƙasa ta Gaundare zuwa Kusiri, yawanci da dare muke tafiya saboda zafi da taya, kuma duk direba ya san ƙarfe uku zuwa biyar na asuba ita ce muguwar awa, ko ka yi barcin rana ko ka ci goro ido sai ya yi nauyi, ni na daina gangaren Mbe a wannan lokacin sai dai na faka. Sannan in na dawo gida matata tana cewa waya ce take hana ni barci wai shuɗin haske, har wani a kasuwa ya so ya sayar min da tabarau mai ruwan ɗorawa. Gaskiya ne ko cin kuɗi ne?

Hamma_Dang (Gaundare)

Yaya direba awar da ka faɗa ba tsafi ba ne, lokacin ne zafin jiki yake sauka ƙasa iyakar saukarsa melatonin kuma yana sama, agogon yana cewa a kwanta ko kai ka yarda ko ba ka yarda ba, fakawar da kake yi ita ce daidai, ba goron da zai sayi wannan awar.

Maganar waya akwai gaskiya amma an ƙara mata gishiri. Binciken da aka fi ambata na 2015 ne a Boston, mutum 12 aka sa suna karatu a iPad an ƙure haskensa awa huɗu kafin barci dare biyar a jere, melatonin ɗinsu ya yi lattin wajen awa ɗaya da rabi amma barcin kansa wajen minti 10 kawai ya ƙara kafin ya ɗauke su, kuma mutanen a ɗaki mai ƙarancin haske suke wuni. Wanda ya wuni a hasken waje, hasken waya da dare ba ya dukansa kamar wanda ya wuni a shago mai duhu. Ni a ganina abin da ke cikin wayar ya fi haskenta hana barci, kana kallon TikTok ko ana gardamar ƙwallo a WhatsApp ina barci zai zo. Rage hasken allon ka ajiye ta nesa da shimfiɗa, kuɗin tabarau ka sayi mai. A 2013 Kenneth Wright a Kolorado ya kai mutum takwas daji sati ɗaya ba lantarki ba waya sai rana da wutar itace, agogonsu ya dawo baya da wajen awa biyu, har masu cewa su tsuntsayen dare ne. Da na karanta dariya na yi, an kashe kuɗi an gano rayuwar rugar kakata.

Ɗan_Yelwa (Garwa)

Jama'a na dawo, yau kwana goma sha shida, na gode ƙwarai Allah ya saka. Ranar farko rigima muka sha, Baba ya ce shi da aka ce ya huta yanzu kuma an dawo ana jan shi kamar akuya, tabarau kuwa ya ce sai dai a cire kansa, sai da ƙanwata ta samo masa fari a kasuwa ya shafa shi da yatsa ya ji irin na malamai ne sannan ya yarda. Muna fitar masa da kujera mai jingina maimakon tabarma saboda gwiwar, daga an idar da salla gari ya yi haske har mai kunu ta zo ta wuce. Satin farko ban ga komai ba har na fara cewa Baffa Sali a kawo wata dabarar, shiga sati na biyu gyangyaɗin safe ya ragu, yanzu wajen sha ɗaya na dare ɗakinsa shiru, yana farkawa sau ɗaya ya koma, shekaranjiya kuma ƙarfe biyar saura na ji sanda a ƙofata ƙwas ƙwas ƙwas, matata ta ce to ka jawo mana.

Ban san ko hasken ne ko abokan hirarsa da suka dawo ba ko shayin yamma da muka mayar na safe, tunda duka muka yi a lokaci ɗaya, Hamma da Baffa sai ku raba ladan. Abu ɗaya dai da ya ba ni mamaki, jiya hadari ya taso da safe gari ya yi duhu kafin iska ta fara, sai ya ce min yau kamar garin bai buɗe ba ko, na ce Baba gani ka yi, ya ce a'a shi bai ga komai ba, haka kawai ya ji.

Adda na kira Gidar, ɗan autan Kawu ya fara rubutawa a bayan littafin lissafinsa, Inna kuma ta ce ita idonta ƙalau ba inda za ta, ina lallaɓa ta. Awon hawan jinin idon nan sai an je da azumi ne ko ko wane lokaci ana yi, kuma ana gamawa a rana ɗaya?